Fuskokin Garke

Na zo gida ran Laraba da kyamara da littafi,
ƙasa na ƙamshin ruwan shuka.
Baffa Ilu na ɗaure maraƙi a turke,
ya ce, "Hansatu, bokon ne ya koro ki?"
Na ce, "Hoton shanunka na zo ɗauka."
Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Arba'in da ɗaya ne, farare fat,
ni fuska guda nake gani.
Shi ko daga bakin fadama, da almuru,
zai ce ga Goshi can da 'yarta,
waccan mai harbi ce, kar ki bi bayanta,
wannan tun jiya ba ta yi tuƙa ba.

Na ce, Baffa, a birni akwai na'ura
kamar rijiya ce aka kwantar.
Mutum ya tuɓe zobe, ya ajiye makulli,
ya shiga ya miƙe, ko tari babu,
maganaɗisu ya bi sawun jini a cikin kai.
Inda ƙwaƙwalwa ke aiki, can jini ke nufa,
sai dai a makare yake zuwa, kamar tuwon gayya,
sai an ci rabin kunya yake isowa.

Akwai wani lungu can ƙasa, bayan kunne,
da ke farkawa in ido ya ga fuskar mutum.
Tambayata ɗaya ce:
in ka ga Goshi, lungun nan zai tashi?

Kwana tara ina gyaran hotuna a zaure.
Na goge igiya, na goge inuwar gawo,
na daidaita haske kada wata ta fi wata,
don kar ido ya sami hanyar satar amsa.
Ɗigo a tsakiyar allo, nan za a kafa ido.
Rabin daƙiƙa kowace fuska,
sai allo ya koma toka, kai ya huce.
Na sa fuskokin mutane, na sa rumbuna,
na juya wasu shanun ƙafa a sama,
na je Maigatari ran Alhamis
na ɗauko baƙin shanu, waɗanda bai taɓa sani ba.
Na rubuta lambobi na zuba a ƙwarya,
ƙanena Tanko ya rufe ido ya jera mini.

Gwajin farko a gindin tsamiya muka yi,
kwamfuta a kan turmi, batir na gargaɗi.
Goshi. Baƙuwa. Baƙuwa. Mai Wuri.
Bai kuskure ba ko a wadda na kifa.
Ina ta dama ina ta duba agogo,
sai a hoto na talatin da bakwai ya yi shiru.

Na ce, Baffa, lokaci ya wuce, ta Maigatari ce.
Ya ce, "Maido ta."
Na ce, tsarin bai yarda a maimaita ba.
Ya ce, "Kyauta ce wannan. Ta rame.
Shekarar da kika shiga jami'a na kai ta kasuwa."

Kaji na tono a gefen turmi.
Allo ya koma toka, ɗigon na nan a tsakiya.

Da dare na buɗe littafi a hasken tocila.
Gida biyu na zana: wadda ya sani, wadda bai sani ba.
A ƙa'ida dole in cire ta, za ta ɓata lissafi.
Na cire ta.
Na sa ta a aljihun jaka, kusa da katin makaranta.

Da asuba ya leƙo da ƙwaryar nono,
ya ce, "Rijiyar taku, yaushe za a shiga?
Zoben zan bar wa Tanko.
Amma ki sa Kyauta a ciki, in sake ganinta."